Mai Walda, Ka Kula da Wayar Jan Wuta

Idan damina ta gabato, masu walda na Dogon Dutsi da Tibiri ba su da hutu. Wannan ya kawo garmar shanu, wancan ya kawo amalanke. Matasa da yawa sun sayi ƙaramin injin walda, suna aiki a ƙofar gida. Sana'a ce mai albarka. Sai dai wuta tana cikin ɗaki, aiki kuwa yana waje. Dole a jawo ta da doguwar waya. Nan haɗari yake.

Me ya sa waya take zafi?

Wutar da NIGELEC take ba gidaje volt 220 ce. Injin walda yana shan wuta mai yawa, ya fi firji da fanka nesa ba kusa ba. Siririyar waya ba ta iya ɗaukar wannan nauyi. Sai ta yi zafi, robarta ta narke. In akwai zana ko rumbu kusa, gobara ta tashi, abincin shekara ya ƙone.

Wace waya za ka saya?

Duba rubutun da ke jikin wayar. In ka ga 3G2,5 to wayoyi uku ne a ciki, kaurin kowace 2,5. Ta isa ƙaramin inji, in tsawonta bai wuce mita 20 ba. In tsawon ya fi haka, ko injin babba ne, nemi mai lamba 4 ko 6. Mai lamba 1,5 ta fitila ce, ba ta walda ba.

Waya ta uku, mai launin kore da rawaya, ita ce ta ƙasa. Ita take kare ranka idan wuta ta shiga jikin inji. Kada ka yanke ta. Ka sa ma'aikacin lantarki ya duba ta.

Kankare bakin wayar kafin ka biya kuɗi. In cikinta ja ne, jan ƙarfe ne. In fari ya fito, alminiyam ne aka shafa wa launi. Bar ta. Araha ba ta ado.

Lokacin aiki

Warware wayar duka, domin naɗaɗɗiyar waya tana tara zafi. Kada ka ɗaure mahaɗi da leda. Kada ka shimfiɗa ta a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ko inda yara da dabbobi suke wucewa. Taɓa robarta lokaci lokaci. In ta yi zafi, tsayar da aiki.

Idan wuta ta kama mutum

Kada ka taɓa shi da hannu. Kashe wutar daga mita. In ba hali, ture wayar da busasshen icce. Kai shi likita nan da nan, ko da ya ce ya ji sauƙi. Gobarar lantarki kuwa ba a zuba mata ruwa, sai busasshen rairayi.

Ƴan uwa, rigakafi ya fi magani. Wanda ya karanta, ya gaya wa maƙwabcinsa mai walda.