GAWAYI YANA TACE RUWAN SHA

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, ba duk ruwa mai haske ne ke da kyau ba. Wani ruwa yana ɗauke da ƙarfe wanda ya narke cikinsa, kamar yadda gishiri ke narkewa cikin miya. Ido ba ya ganin shi.

Ɗaya daga cikin mafi muni ita ce dalma. Tana lalata ƙwaƙwalwar yara. A shekara ta 2010, a Zamfara cikin Najeriya, yara wajen 400 suka mutu saboda dalmar da ke cikin duwatsun zinariya da ake daka cikin gidaje. Ƙurar ta ɓata ƙasa da tabkuna. Mu ma ana haƙar zinariya a ƙasarmu. Sai mu yi hattara.

Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya fidda dalma.

Yaya gawayi ke aiki?

Gawayi cike yake da ƙananan ramu. In ruwa ya ratsa ta cikinsu, ƙarfen sai ya manne a jikin ramun, ruwan ya wuce. A masana'anta ana ƙara gasa gawayi da tururi mai zafi ƙwarai don ramun su yawaita. Giram 10 na irin wannan gawayi, in da za a shimfiɗa ramunsa, faɗinsu zai iya kai hekta 1. Gawayin ƙashi shi ma yana kama dalma sosai. Gawayin murhu yana kamawa, amma kaɗan.

Yadda ake yi a gida:

1. A huda gindin tulu, a aza shi bisa randa mai tsabta.
2. A zuba tsakuwa, sannan dakakken gawayi, sannan rairayi. A wanke kowane kafin a zuba.
3. A zuba ruwa sannu sannu. A zubar da na farko.
4. A tafasa ruwan da aka tace kafin a sha, don gawayi ba ya kashe ƙwayoyin cuta.

In ramun suka cika, gawayi ya daina aiki. Sai a riƙa canza shi. Tsohon a bizne shi nesa da rijiya. Kada a dahuwa da shi.

In rijiyarku tana kusa da inda ake wanke zinariya, tulun nan bai isa ba. Ku gaya ma mai gari da ma'aikatan ruwa su auna ruwan. Kafin nan, yara da mata masu ciki su sha na wata rijiya.

Rigakafi ya fi magani.