Yadda wata jami'a ta ceto dubban ɗalibai da tsofaffin sakamakon jarrabawa

A shekarar 2003, cikin kowane ɗalibai 100 da suka shiga Jami'ar Jihar Jojiya da ke birnin Atlanta a Amurka, 32 kacal ke kammala digiri cikin shekara shida. Sauran sukan watse a hanya, wasu da bashin karatu a kansu, ba kuma takardar shaida a hannu. Da yawa cikin ɗaliban jami'ar 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne, wasu ma su ne na farko a gidansu da suka taɓa shiga jami'a. Bayan kimanin shekara 15, adadin masu kammalawa ya haura kashi 50 cikin 100. Jami'ar ta kai ga haka ba tare da ta rufe ƙofa ga 'ya'yan talakawa ba. Abin da ta yi shi ne komawa kan bayanan ɗalibanta da ke jibge a kwamfutocinta, ta tsara su, sannan ta yi aiki da abin da suka nuna mata.

Alamomi 800

Jami'ar ta tattaro bayanan shekara 10, waɗanda suka ƙunshi makin jarrabawa kusan miliyan biyu da rabi. Tambayar da aka sa a gaba guda ce: ɗaliban da suka bar karatu, wace alama suka fara nunawa kafin su tafi? Binciken ya fito da alamomi kusan 800. A shekarar 2012 aka zuba su cikin wata manhaja mai suna GPS Advising, wadda kowane dare take duba bayanan ɗalibai, ta ware sunan duk wanda wata alama ta bayyana a kansa.

Ga misali ɗaya da jami'ar ta sha bayarwa. Ɗalibin Kimiyyar Siyasa da ya samu A ko B a kwas ɗinsa na farko a fannin, kashi 75 cikin 100 na irinsa suna kammalawa a kan lokaci. Wanda ya samu C kuwa, kashi 25 ne kawai. A da, mai C ya ci jarrabawa, don haka babu mai waiwayarsa sai bayan shekara biyu, lokacin da faɗuwa ta taru masa. Yanzu tun daga wannan C ɗin ake kiransa a zauna da shi. Haka ma ɗalibin da ya yi rajistar kwas ɗin da ba ya cikin tsarin digirinsa, ana sanar da shi tun kafin ya ɓata kuɗi da zangon karatu guda a kai.

Na'ura ba ta zama da ɗalibi

Manhaja tana iya nuna wanda ke cikin haɗari, amma zaman tattaunawa sai mutum. Jami'ar ta ɗauki ƙarin masu ba da shawara 42, ta kuma haɗa aikinsu a cibiya ɗaya, maimakon yadda yake a warwatse a ofisoshi daban-daban. An sa ƙa'ida cewa idan sunan ɗalibi ya fito, a tuntuɓe shi cikin awa 48. Ta haka ake yin zama sama da 50,000 tsakanin ɗalibai da masu ba su shawara a shekara. Dokta Timothy Renick ne ya jagoranci wannan aiki na tsawon shekaru.

Bayanan ofishin kuɗi ma sun tona wani abu. Kowane zango ana cire ɗaruruwan ɗalibai daga rajista saboda ba su cika kuɗin makaranta ba, alhali da yawansu suna ƙoƙari a karatu, wasu ma suna shekarar ƙarshe, kuma abin da ya rage musu bai wuce 'yan ɗaruruwan daloli ba. A 2011 shugaban jami'ar na lokacin, Mark Becker, da matarsa suka ba da Dala 40,000 aka fara wani ƙaramin tallafi da ke cike wannan giɓi. Ɗalibi ba ya ma buƙatar rubuta takardar nema, domin bayanansa sun riga sun nuna halin da yake ciki. Da a ce ofishin kuɗi da na jarrabawa kowa ya rufe nasa bayanan, da babu mai gane cewa wanda ake kora saboda Dala 300 shi ne wanda ya kusa kammalawa.

Kafin nazari, sai an gyara rumbu

A nan ne batun tsarin kula da bayanai ya shigo. Ma'anarsa ba ta da wuya: jami'a ta amsa wasu tambayoyi a rubuce, kowa ya san amsar. Wane ofishi ne ke da alhakin sunan ɗalibi da ranar haihuwarsa? Wa ke da ikon canza maki bayan an shigar da shi, kuma ina ake rubuta sunan wanda ya canza da ranar da ya yi? Idan sashe ya ce ɗalibansa 400, ofishin magatakarda ya ce 430, wanne za a ɗauka? Wa ya halatta ya ga bayanan lafiyar ɗalibi ko bashin da ake binsa? Shekara nawa za a ajiye su?

Idan ba a amsa waɗannan ba, duk tsadar manhaja aikin banza ne, domin abin da aka zuba mata shi za ta mayar. Maki ɗaya da aka shigar ba daidai ba zai iya sa a kira wanda ba shi da matsala, a bar wanda ke nutsewa.

Wuƙa mai baki biyu

Bayanan da ke ceton ɗalibi su ne kuma za a iya cutar da shi da su. A 2016, shugaban Jami'ar Mount St. Mary's da ke jihar Maryland, Simon Newman, ya sauka daga muƙaminsa bayan jaridar ɗalibai ta fallasa shirin amfani da amsoshin wata takardar tambayoyi da sababbin ɗalibai suka cike, don gano masu rauni a sa su bar makarantar da wuri, alƙaluman jami'ar su yi kyau. A 2021 kuma, kafar binciken The Markup ta gano cewa wasu jami'o'in Amurka suna saka launin fatar ɗalibi cikin abubuwan da manhaja ke auna haɗarin faɗuwarsa da su. Wannan ya sa dole tsarin kula da bayanai ya fayyace abin da aka hana yi da su, kamar yadda ya fayyace abin da aka yarda.

Ina ruwan ɗalibin Najeriya?

Duk wanda ya taɓa jin labarin sakamakon da ya ɓata, ko wanda aka jinkirta tafiyarsa hidimar ƙasa saboda sunansa na JAMB ya bambanta da na makaranta, ya san illar rashin tsari. Tun 2021 JAMB ta wajabta lambar NIN wajen rajista. Asusun ba ɗalibai rance na NELFUND, da ya buɗe shafinsa a 2024, sai makaranta ta tura masa bayanan ɗalibanta kafin a tantance su. Kuskuren harafi ɗaya a yau yana iya tsayar da kuɗin karatun mutum.

Akwai kuma doka. A watan Yunin 2023 aka sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta ba kowane mutum 'yancin neman sanin bayanan da wata hukuma ke riƙe da su a kansa, da neman a gyara idan akwai kuskure. Jami'o'i ma dokar ta hau kansu.

Saboda haka kada ka jira shekarar ƙarshe. Duba shafinka na makaranta kowane zango, ka tabbatar sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a JAMB da NIN da rajistar sashenku. Ajiye kwafin takardar rajistar kwasa-kwasai da rasidin biyan kuɗi da sakamakon kowane zango. Idan ka ga kuskure, rubuta wa jami'in jarrabawa na sashe, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimi.

Ƙungiyoyin ɗalibai kuma suna da tambayar da ta dace su kai gaban hukumar makaranta: makin dubban ɗaliban da suka wuce yana nan a ajiye, wa ke duba shi don gano kwas ɗin da ya fi kayar da 'yan aji ɗaya, kuma me ake yi wa wanda ya fara tangaɗi tun a zangon farko?