Jami'ar Ahmadu Bello: Wurin Koyon Sana'a Ko Zauren Masana?

Manomin Mahuta ya san Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ne ta wajen irin auduga da na masara da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru take fitarwa. Wasu ɗalibai kuma sun ɗauke ta wurin koyon sana'a kurum, a karɓi takarda a kama aiki.

Gaskiya ne an kafa ta a 1962 bisa harsashin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Zariya da cibiyar Samaru. Amma a nan ne Farfesa Abdullahi Smith da Dokta Yusufu Bala Usman suka sake nazarin tarihin ƙasar Hausa, suka ƙi haɗiye abin da Turawan mulkin mallaka suka rubuta. Haka kuma da aka soma Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa a 1975 da rancen Bankin Duniya, malaman jami'ar ba su tsaya ga lissafin buhunan taki ba, sai da suka tambayi wanda zai ci moriyarsa, babban manomi ko mai 'yar gayauna.

Irin wannan tambaya ita ce ma'aunin jami'a. Ɗalibin da ya fita bai koyi yin ta ba, takarda kaɗai ya samo.