Gwajin DNA da Hakkin Yaran da Aka Sace

A watan Oktoba na 2019, sa'ad da 'yan sanda suka dawo da yara tara da aka sace daga Kano aka sayar a Anacha, wasunsu Hausa ta kuɓuce musu, an kuma sauya musu suna, sai wata mas'ala ta taso wadda ta hana iyaye barci tun daga birni har Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa: in shekaru suka shuɗe, kamanni suka sauya, da wace hujja uwa za ta tsaya gaban alƙali ta ce wannan ɗanta ne?

Allah cikin hikimarsa ya ajiye hujjar a jikin yaron. Jikin ɗan Adam tarin ƙananan ƙwayoyin halitta ne waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, a cibiyar kusan kowace kuma akwai zarurruka 46 da ke ɗauke da DNA, 23 daga uwa, 23 daga uba. Saboda haka in aka goga auduga a cikin kuncin yaro da na matar da ke da'awarsa, aka gwama alamomin, gaskiya takan fito fili. Alec Jeffreys na Jami'ar Leicester ta Ingila ne ya gano hanyar a 1984, kuma a 1985 aka tabbatar da ita cewa wani yaro ɗan asalin Gana ɗan uwarsa ne. Jini ko yawun da mai laifi ya bari ma yakan tona shi, yakan kuma wanke wanda aka yi wa ƙazafi.

Malamai ba su yi shiru ba. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, da ta zauna a Makka a 2002, ta halatta gwajin wajen gane yaran da suka ɓace ko aka musanya a asibiti, da binciken laifuffukan da ba haddi ko ƙisasi a cikinsu, amma ta hana a yi amfani da shi wajen kore nasabar da aure ya tabbatar, ko a gabatar da shi a kan li'ani, wato rantsuwar da miji da mata suke yi in ya zarge ta da zina ko ya musanta ɗa. A ganina sun yi daidai, domin zato ba ya isa a tozarta matar aure.

Sai dai manomi a Doguwa ba shi da kuɗin wannan gwaji. Ya kamata gwamnatin Kano ta ɗauke wa iyayen yaran da suka ɓace nauyinsa.