Zomo a Gidan Haya: Yadda Muka Koya Masa Wurin Bayan Gida



Bara bayan ƙaramar Sallah, ƙanenmu ya haɗa kuɗin barka da sallarsa ya sayo ɗan zomo fari. Gidanmu a nan New Town irin gidan da kuka sani ne: ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Kafin sati ya zagayo kashin zomo ya bi ko'ina, har cikin takalman mutane. Abin da ya tayar da magana shi ne ranar da ya yi fitsari a kan dardumar sallar Hajiya maƙwabciyarmu. Alhaji mai gida ya kira Baaba, ya ce sati biyu ya ba mu, ko zomo ya gyaru ko ya shiga tukunya.

Mun fara kai maganar gaban Malam, don mu san hukuncin dardumar. Zomo dai halal ne. A Bukhari da Muslim akwai labarin Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, da ya kama zomo a Marruz-Zahran, Abu Ɗalha ya yanka ya aika wa Annabi (SAW) da wani sashe, kuma ya karɓa. A mazhabarmu ta Malikiyya, fitsari da kashin dabbar da ake cin namanta masu tsarki ne, muddin ba najasa take ci ba, kamar kajin da ke kiwo a bakin gwata. Shafi'iyya kuwa najasa suka ɗauke su. To amma Malam ya ƙara da cewa hukuncin tsarki ba zai cire wari daga hancin Hajiya ba, kuma cutar da maƙwabci babi ne mai zaman kansa. Muka wanke darduma, muka ba da haƙuri, sannan muka zauna lura da zomon.

Abin da muka gano ya ba mu mamaki. Ashe zomo da kansa yake zaɓar wuri. Kakannin zomon gida a ramuka suke zama a ƙasashen Turai, kuma suna da wuraren da suke tara kashinsu, warin ya zama alamar iyakarsu. Wannan ɗabi'a tana nan a jikinsa. Idan ka sake shi a fili mai faɗi lokaci ɗaya, sai ya bi yana zuba alama ko'ina yana cewa nan ma nawa ne. Kuskurenmu ke nan. Mu muka ba shi tsakar gida gaba ɗaya tun ranar farko.

Sai muka tsare shi a lungun barandarmu, muka kare da katako, wurin bai fi faɗin tabarma ɗaya ba. Kwana biyu muna kallo. Kullum kusurwar hagu yake zuwa, ya ja da baya, ya ɗan ɗaga wutsiya, ya yi fitsari. Yawwa, a nan muka ajiye masa tsohuwar robar wanki mai gajeren baki, wadda zai iya shiga ya juya a ciki. Da farko Mma ta so a mayar da robar wajen ƙofa don sauƙin shara. Muka gwada. Ya bar robar can, ya koma kusurwarsa. Kar ku ɓata lokaci kuna gardama da zomo a kan kusurwa, ba za ku ci ba.

A ƙasan robar muna shimfiɗa tsohuwar jarida, irin su Daily Graphic, ninki uku ko huɗu. Nan fa 'yan makaranta mu kula: a duba takarda gaba da baya kafin a shimfiɗa. Duk wadda ke da aya, ko sunan Allah, ko rubutun Larabci, a ware ta. Tsofaffin littattafanmu na makaranta ba na wannan aiki ba ne ko kusa. Garin katako na wajen kafinta mun bar shi, don ƙurarsa na shiga hancin zomo, kuma ba ka san irin itacen ko maganin da aka shafa masa ba. Ƙasar da ake sayarwa don kyanwa, mai dunƙulewa idan ta jiƙe, ita ma haɗari ce. Zomo na ɗanɗana duk abin da ya gani, kuma ba ya iya amai, abin da ya shiga cikinsa sai dai ya bi ta ƙasa.

Babbar dabarar ita ce ciyawa. Zomo na son ya riƙa ci yana kashi a lokaci guda, don haka muke tara busasshiyar ciyawa ko harawar gyaɗa a gefe ɗaya na robar. Yunwa ta kai shi ciki, sauran aikin ya biyo baya. Kashin da ya zube a waje mukan share mu zuba a robar. Fitsarin da ya yi a siminti mukan dangwale da takarda mu saka ta ciki, sannan mu goge wurin da ruwan khal, wato binega, gauraye da ruwa. Fitsarin zomo na da sinadarin alli, shi ya sa yake barin farin tabo, kuma khal na narkar da shi. Robar kanta a satin farko ba ma wanke ta ƙal, mukan bar ɗan warinsa don ya gane wurinsa ne.

Duka ba ya aiki. Ƙanenmu ya taɓa yi masa tsawa ya ɗaga shi ta kunne ya jefa a roba, sai zomon ya ƙi kusantarta yini guda. Ɗaga zomo ta kunne ma zalunci ne, a tallabo ƙirjinsa da gindinsa. Idan muka ga ya ja baya a inda bai dace ba, a hankali muke kora shi zuwa robar, in ya yi a ciki mu ba shi ɗan ganyen karas daga kasuwar Malam Atta. A rana ta tara fitsari ya daina fita waje. Daga nan muka riƙa ƙara masa fili kaɗan-kaɗan. Kashi ɗaya ko biyu a waje kam ba a rasawa, dabbar da ke zubar da ƙwaya 200 zuwa 300 a rana ai dole wata ta kuɓuce.

Muna murna, bayan kamar wata biyu sai komai ya rushe. Ya fara fesa fitsari a bango, har a ƙafar Baaba. Balaga ce, tana zuwa wa zomo tsakanin wata 3 zuwa 6. Maganinta a namiji fiɗiya ce, kuma likitan dabbobi ne zai yi, ba aikin reza a gida ba. Kafin mu tara kuɗin, mun mayar da shi lungunsa mun sake daga farko. Wanda kuma ya haɗa namiji da mace, ya sani cikin zomanya kwana 31 ne ko kusa da haka, sai ya tanadi robobi.

Robar nan ta zame mana kamar katin asibiti. Lafiyayyen kashi busasshe ne, kewayayye, girmansa ɗaya. Akwai wani mai laushi kamar curin 'ya'yan inabi da zomo ke cinyewa da kansa tun daga fitowarsa. Ƙanenmu da ya gani ya ce ya fasa kiwon, amma halittarsa ce, da shi yake samun sauran amfanin abinci. Idan irin wannan ya fara taruwa a roba, an cika masa dusa ko burodi, a ƙara ciyawa. Fitsari mai ja-ja sau da yawa daga ganye ne. Wanda ba a jira da shi shi ne roba ta kwana babu kashi kuma zomo ya ƙi ci. Awa 12 a haka, a nemi likita. A zafin Fabrairu da Maris kuma warin fitsari na tashi da sauri ƙarƙashin rufin kwano, don haka safe da yamma muke canza takarda.

Baaba ya ce a zamanin Acheampong, lokacin shirin ciyar da kai na 1972, gwamnati ta buɗe gonar zomaye a Kwabenya, ana ta kiran mutane su yi kiwo a bayan gida don nama. Su a keji suka san zomo, shi ya sa har yau yake dariya in ya ga namu ya tsallaka tabarma ya shiga roba. Jiƙaƙƙiyar takardar muna ƙullewa mu ba masu aboboya, ba ma zubawa a gwata. Kashin kuwa taki ne da ba ya ƙona shuka. Hajiya mai darduma ce ke karɓarsa yanzu duk Juma'a, tana zuba wa alefu da ayoyon da ta shuka a bokiti.