Ina Yaranmu Za Su Koyi Hawan Babur?

Duk wanda ya zaga Agege ko Idi-Araba a Ikko, ko kuwa Sabon Ibadan, da la'asar sakaliya, ba zai rasa ganin yaro ɗan shekara goma sha biyu bisa babur ɗin yayansa ba, ƙafarsa da ƙyar take taɓa ƙasa, yana ratsa lungu tsakanin kwata da teburin mai sayar da ƙosai. Iyaye su kan ce ai lungu ba titi ba ne. To, amma a lungun ne 'yan ƙanana ke wasa, kuma can ne tsofaffi ke shimfiɗa tabarma.

Dokar ƙasa ba ta ba kowa lasin sai ya cika shekara 18. Bugu da ƙari, tun ran 1 ga Yuni, 2022, Gwamnatin Jihar Ikko ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, watau Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, ta ƙara huɗu cikin Satumba. Babur ɗin da aka kama, niƙe shi ake yi. Saboda haka yaron da ya ɓulla titi da sunan koyo, yana iya jawo wa gidansu asarar jarin da ake ci da shi.

Wannan damuwa ba a nan kaɗai take ba. A Ingila, inda aka fara tseren babur na daji a Camberley cikin 1924, laifi ne a hau babur a filin jama'a ko hanyar ƙafa ba da izini ba, 'yan sanda kuma suna da ikon ƙwace shi. Abin da iyaye ke yi can shi ne su kai yaro ƙungiyar da ke da filinta mai shinge, inda ake karɓar 'yan shekara shida, kowa da hular kwano da safar hannu da doguwar takalma, ga babba a tsaye yana duba.

Babur ɗin ma dabam ne. Akwai wani ƙarami na Yamaha, PW50, nauyinsa wajen kilo 40, ba a canza masa giya, kuma yana da wani noti da uba zai ɗaure don rage gudu, ya riƙa sassautawa kaɗan-kaɗan gwargwadon yadda hannun yaro ya faɗa. Boxer ɗin 'yan acaɓa kuwa ya haura kilo 100. In ya kwanta bisa ƙafar yaro, salansa kaɗai ya isa ya bar masa tabo har tsufa.

Ba kowane uba ne zai iya sayen irin wancan ba, wannan gaskiya ne. Amma fili ba ya gagara. Kusan kowane zango yana da filin Idi wanda sau biyu a shekara ake cika shi, ga kuma filayen makarantu ran Asabar. Sarakunan Hausawa da shugabannin 'yan acaɓa su ne ya kamata su nemi izinin masu filin, a sa rana da lokaci, a kewaye da tsoffin tayoyi, a kori awaki da 'yan kallo baya. A guji bakin tabki da wuraren da aka cike da yashi, domin tayar gaba ta kan nutse ta wurgar da mahayi. Yaron da ba ya iya dafa ƙasa da ƙafa biyu kuwa, a ba shi keke tukuna.