Gane Tsohon Goge da Gyaransa

Malamai da fatake, ku sani sayen tsohon kaya ilmi ne, ko da kayan nan goge ne. Malamai da yawa sun ƙyamaci goge saboda haɗuwarsa da bori. Amma masu tara kayan tarihi suna sayensa, kuma duk inda ciniki ya shiga, hukuncin algus ya shiga.

A birnin Kiremona na ƙasar Italiya an yi wani gwanin sassaƙar gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, Antonio Stradivari, wanda ya rasu a 1737. Yakan liƙa 'yar takarda mai sunansa a cikin gogen. A ƙarni na 19 aka ƙera dubbai a Jamus da Faransa, aka liƙa musu irin takardar nan. Don haka masana ba su dogara da ita. Sukan dubi hannun masassaƙi, su ƙirga zoben shekaru na katakon, domin itacen da aka sare bayan 1737 ba ya zama aikinsa. Haka malami ke ɗaga takardar tsohon littafi ga hasken rana ya ga alamar wata uku. Yawancin na ainihin ma an sāke musu wuya daga baya, saboda haka sabon wuya bai ƙaryata tsohon jiki ba.

To, haka gogenmu yake a ƙasar Funtuwa da Malumfashi. Ƙwarya ce aka rufe da fatar guza ko damo, aka ɗaura tsagiya bisa jaki, ana shafa mata ƙaro. Fata da tsagiya ba su daɗewa. Shaidar tsufa tana ga ƙwarya da sanda, da tsofaffin hudoji na bakin ƙwarya inda aka kafe fatun farko. In an ce maka na Garba Liyo ne, nemi silsilar hannuwan da ya bi, da shaidu.

Wajen gyara kuwa, ƙwaryar da ta tsage a kai wa gyartai ya ɗinke. Kada a kankare ta don ta yi haske, kada a yar da abin da aka cire. Mai sayarwa ya bayyana wa mai saye kowane gyara, domin ɓoye aibi yana ba mai saye ikon mayar da kaya.

Allah ya tsare mu da cin haram. Haza wasalam.